Gwaggo Akawu da Littafin Masu Fita

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun ina rarrafe take akawu a makarantar sakandaren da nake koyarwa yanzu. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗaki guda, wani ɗan lungu tsakanin ofishin shugaban makaranta da sito. In ka shiga, tebur a hagu, kabad ɗin fayil a dama, sai taga ɗaya mai kallon ƙofar makaranta. Mutum biyu ba sa tsayuwa a ciki sai ɗaya ya karkace. A bakin ƙofar akwai dogon benci da ƙafarsa ɗaya ta gajarta, aka tokare ta da bulo. A kan bencin nan duk mai jiran shugaba yake zama: wanda ya makara, wanda ya yi faɗa, wadda zazzaɓi ya kama a aji, uban da ya kawo ƙara, uwar da ta zo ba da haƙuri.

Karatunta bai wuce aji uku ba. Kakanmu ya kwanta ciwo mai tsawo, ta bar makaranta ta koma jinya. Da ya rasu ta ga ta yi girma da komawa aji, sai ta shiga koyon buga tafireta a shagon wani tsoho mai rubuta wa mutane wasiƙu. Daga baya ta auri wani direban babbar mota, mutum mai raha, suka haifi uku, ya rasu a hatsari autarsu tana goye. Da takardar shaidar da tsohon nan ya ba ta ta samu aikin akawu. Tana bugu da yatsu goma ba ta kallon madannai, bakinta kuma yana hira da na kan benci. Da haka ta san kowane ɗalibi. Ta san wanda yake zuwa bai karya ba, ta san wadda ciwon kai ba ya kama ta sai ranar lissafi.

Littafin masu fita, wato ɗan littafin da makarantar ke fitarwa duk ƙarshen shekara da hotunan ɗaliban da suka gama, ba wanda ya zauna ya tsara shi. A shekararta ta huɗu, shugaban wancan lokacin ya ce ta buga sunayen masu gamawa a liƙa a allon sanarwa. Ta buga, sai ta ga takardar ta yi fayau, suna a hagu, fili a dama. Ta cike filin da layi guda-guda. A gaban sunan wani ta sa: “Shekara shida bai taɓa zuwa da biro ba, bai kuma taɓa rasa rubutu ba.” A gaban na wata: “Ajinsu ba sa jiran ƙararrawa, muryarta ta isa.” Kafin a tashi an yayyage takardar, kowa ya yanki sunansa ya kai gida. Washegari iyaye suka fara zuwa neman nasu. Daga nan aka kira mai hoto, aka sa fuskar kowa a saman layinsa, aka riƙa kaiwa maɗaba'a. Littafi ne siriri mai bangon kwali ruwan ƙasa. Tallarsa kuwa ba ta wuce wannan ba: in saura mako biyu, sai Gwaggo ta ajiye kwafi ɗaya a shagon aski, ɗaya wurin telan da ke ɗinka kayan makaranta, ɗaya a kemis ɗin bakin titi. Mai jiran layi ya buɗe, ya yi dariya, ya ce ai wannan ɗan maƙwabcina ne. Bai taɓa yin kwantai ba.

Ana nan sai ga ni na iso da digiri a hammata. Ita ta kai takarduna ofishin shugaba, ita ta buga wasiƙar ɗaukata aiki. Sai bayan shekara guda na ji cewa ta gyara mini kuskure biyu a takardar neman aikin kafin ta miƙa, ni da na zo koyar da harshe. Kafin zuwana kowa Akawu yake ce mata. A taron malamai na farko na yi niyyar in ce “Akawu” kamar sauran ma'aikata, bakina ya suɓuce na ce “Gwaggo”. Aka kwashe da dariya, daga ranar har shugaba Gwaggo yake kiranta. Wannan ita ce gudummawata ta farko ga makarantar, kuma akwai masu cewa har yau ita ce babba.

Shugabanmu na lokacin sabon zuwa ne, ba ya ƙare magana bai ce “ci gaba” ba, har yara suka laƙaba masa Ci-gaba. A shekarata ta biyu ya kira ni, ya jefa littafin bara a kan tebur, ya ce makaranta irin tamu ta wuce ta fitar da abu mai kama da katin asibiti. Ya naɗa ni edita. Na fito daga ofishinsa ƙafata ba ta taɓa ƙasa, na faɗa lungun Gwaggo. Tana gaban kwamfuta, don a lokacin tafireta ta koma saman kabad an lulluɓe ta da tsumma.

Na ce, “Gwaggo, bana za mu ɗaga darajar littafin nan.”

Ta ce, “Faɗuwa ya yi?”

“A'a, ina nufin 'yan layukan nan da kike sawa. Suna da daɗi, amma kamar hirar benci ce. Manyan makarantu ba sa yin haka.”

“Hirar benci ce mana. To me za ka sa?”

“Maƙaloli masu zurfi. Tarihin makaranta. Jawabin edita.”

“Wane ne editan?”

Na gyara tsayuwa na ce, “Ni ne.”

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da take mini ina yaro in na ce na wanke hannu. Ta jawo aljihun tebur, ta saka wani ɗan littafin rubutu da ke gefenta, ta kulle. Ta ce, “To, Allah ya taimaka, Malam Edita.”

Wata uku na yi ina aiki, kuma ba zan ɓata kaina ba, na yi aiki. Jawabin edita ya ci shafi shida, na sa masa suna “Ilimi a Mahangar Ƙarni Mai Zuwa”. Na rubuta waƙa mai shafi huɗu a kan fitilar ilimi da duhun jahilci. Na bar wa Ci-gaba shafi biyar. Na sa mai hoto ya ɗauke ni a tebur ina riƙe da biro ina kallon nesa, ya ɗauke ni tare da kwamiti, ya ɗauke ni ina miƙa wa shugaba fayil, ya ɗauke ni a laburare ina zaro littafin da ban taɓa karantawa ba.

Mai maɗaba'ar kuwa, An-Gama ake ce masa, don ko takarda bai saya ba in ka tambaye shi zai ce an gama. Shagonsa yana warin tawada da kananzir, injinsa yana girgiza bango. Ya baje shafukan a kan teburin yanka, ya ƙirga, ya sosa ƙeya.

“Malam, sun yi yawa. Dole a rage wani abu. A rage waƙar ko a rage yaran?”

Da ma a ce na yi dogon tunani. Ban yi ba. Na ce a rage yaran. Ya matse hotunansu talatin-talatin a shafi, kowanne kamar kan sarki, da lamba a ƙasa, sunaye kuma can a ƙarshen littafi, sai mutum ya bi lamba kamar mai neman sakamakon jarrabawa. Bango ya fito yana ƙyalli, da rubutun ruwan zinariya. Da na ɗauki kwafin farko sai da na shinshina shi. Kuɗinsa ya ninka na bara, na ce ai kaya mai kyau shi yake sayar da kansa.

Duk da haka ban bar shi ya sayar da kan nasa ba. Na buga fosta mai cewa “Taskar Tarihi a Hannunka”, na liƙa a katangar makaranta da jikin turakun lantarki. Gwaggo ta tambaye ni ko za a kai wa mai aski da tela nasu, na ce littafi irin wannan ba a ajiye shi cikin gashi da ƙyallaye. Na shirya taron ƙaddamarwa, da rumfa da kujerun haya da lasifika. Malamai suka zo don an ce dole, ɗalibai suka zo don an rufe ƙofa. Iyaye ba su cika layi biyu ba. Na hau na karanta waƙata tun daga baitin farko har na ƙarshe. Da na ɗaga kai, maigadi ya yi barci a tsaye jingine da sandarsa, malamin lissafi yana makin jarrabawa a cinya. Mutum ɗaya ce ta tafa da gaske, matata.

Kwafi ɗari uku muka buga. A ranar kwafi sha ɗaya suka fita, biyu a ciki matata ce ta ɗauka, ta ce ɗaya na ƙanwarta ne. Ƙanwarta tana aji biyu na firamare. Mai sito ya ce ba wuri, sai na kwaso kwalayen na jibge a falona. Bayan kwana uku na dawo na tarar matata ta jera su, ta shimfiɗa musu mayafin tebur, ta ɗora rediyo.

Ta ce, “Malam, in za ka sayar, ka fara da na sama. In ka zare na ƙasa tebur zai karkace.”

Na gaya wa duk mai saurarena cewa mutanenmu ba su da al'adar karatu. Na faɗa a ɗakin malamai, na faɗa a wurin mai shayi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar Alhamis ɗin makon ina zaune a ɗakin malamai sai ga wata mata ta yi sallama, littafina a hannunta. Wanki da guga take yi, hannuwanta duk sun tsattsage da sabulu. Tana cikin 'yan tsirarun da suka saya. Na yi zaton ta zo yabo ne, har na jawo mata kujera.

Ta ce, “Malam, ni ban yi karatu ba, fuska nake dubawa.” Ta buɗe shafin farko. “Wannan kai ne.” Ta juya. “Wannan ma kai ne. Ga ka nan kuma, ka sake riga.” Tana juyawa tana ƙirgawa da yatsa har bakwai. Malamai suka daina abin da suke yi. “To, ina 'yata?”

Na karɓa, na nemo sunan a baya, na bi lamba, na nuna mata. Ta kawo littafin kusa da ido, ta kai shi nesa, ta karkata shi wajen taga.

“Ita ce?”

“Ita ce.”

“To, tunda ka faɗa. Me aka rubuta a kanta?”

Na ce bana ba a yi wannan ba. Sai ta ce shekara uku da suka wuce yayan yarinyar ya gama, aka rubuta a ƙasan hotonsa cewa rigarsa ba ta taɓa yamutsewa ba ko ranar wasanni. Ta haddace layin. Ta ce duk wanda ya kawo mata guga a karon farko sai ta ɗauko littafin ta nuna masa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ce a mayar mata da komai ba. Ta naɗe littafin a gefen mayafinta, ta yi mana sai an jima. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Malamin lissafi ya jira ta fita, sannan ya ce, “Bakwai. Ni shida na ƙirga.”

Ranar Asabar da hantsi na tafi gidan Gwaggo. Na same ta a tsakar gida tana ɗinke hannun jakar jikarta. Na gaishe ta, na tambayi lafiyar yara, na tambayi ƙafarta, na yi maganar tsadar takarda, na koma na sake tambayar ƙafar har sau biyu. Ta bar ni ina kewaye-kewaye har sai da zance ya ƙare mini.

Ta ce, “Ɗan Yaya, ƙafata ɗaya ce mai ciwo, ka tambaye ta sau uku. Kwali nawa ya rage?”

“Duka, Gwaggo. Kusan duka.”

Ta ciji zare, ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da ɗan littafin rubutun da ta kulle a gabana. Ashe ba ta daina ba. Ɗalibi ɗari da arba'in da takwas, kowa da layinsa, da ƙaramin rubutunta mai tsaye kamar na inji. Na ce, “Kin san za a buƙata ke nan?” Ta ce ba ta sani ba, hannunta ne ya saba, in ba ta rubuta ba sai ta ji kamar ta bar yaran sun tafi ba sallama.

Na ce, “To a ina za mu sa su? An riga an ɗinke littafin.”

“Shafi nawa waƙarka ta ci?”

“Huɗu.”

“Nawa ma huɗu ne in na matse. Ka ga wuri ya samu.”

Ranar Litinin ta buga, muka yi fotokwafi, muka yanka daidai girman shafi. Kwana uku muka yi a ɗakin malamai bayan an tashi, ni da ita da matata, da gwangwanin gam da burushi. Su suna yanka, ni ina shafawa ina liƙawa, don Gwaggo ta ce mai abu shi ya fi sanin inda abinsa ya fara da inda ya ƙare. Ban san wani mawaƙi da ya binne waƙarsa da hannunsa sau kusan ɗari uku ba. Wajen na ɗari na fara lura cewa baiti na tara bai ma daidaita ba.

Ranar da iyaye ke zuwa karɓar takardun shaidar gamawa, Gwaggo ta sa aka fito mata da tebur bakin ƙofar makaranta, ƙarƙashin bishiya. Ba fosta, ba lasifika. Ni aikina ɗauko kwali da buɗewa. Duk wanda ya zo wucewa da ɗansa sai ta gaishe shi, ta tambayi mutanen gida, ta buɗe littafi ta karanta layin yaron da ƙarfi. Wani dattijo mai gyaran keke ya ji an ce ɗansa “ya gyara ƙofar ajinsu sau uku, sau biyu shi ya ɓalla ta”. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce a ba shi biyu, ɗaya zai aika wa kawun yaron. Kafin azahar mutane sun yi da'ira, yara suna ihu a karanta na wane, a karanta na wance. Mai wankin nan ta zo, Gwaggo ta karɓi nata ta canza mata da wanda aka liƙa.

Can wata yarinya doguwa ta matso da mahaifinta. Gwaggo ta gyara tabarau ta karanta: “Ita ta kori ɓera daga aji biyar, malami yana bisa tebur yana ba ta umarni.”

Wuri ya ruɗe. Uban ya ce, “Wane malami ne wannan?”

Sai yara wajen arba'in suka juyo suka dube ni, ina rungume da kwali. Da hannuna na liƙa shafin nan a kowane kwafi, ban karanta shi ba ko sau ɗaya. Na ce wa uban ɓeran ba ƙarami ba ne. Ya ce ya yarda.

Kwali ɗaya ne ya koma gida, shi ma bai cika ba. Ci-gaba ya kira ni ya yaba mini da “sabuwar dabarar talla”, na karɓi yabon ban ko yi tari ba.

Na ɗauka shi ke nan, za ta karɓi kayanta in huta. Ta ƙi. Ta ce idonta ya fara gajiya, shekarun aikinta sun kusa cika, kuma tunda na ce ni ne edita, to in zama editan. Ta sa mini doka: kullum lokacin hutun tara in zo in zauna a benci. Haka na riƙa zama tsakanin masu laifi da masu zazzaɓi, gwiwoyina kusa da haɓa. Makon farko wani ɗan aji ɗaya ya matso ya yi mini raɗa, “Malam, kai me ka yi?”

Layukan da na fara kai mata duk ta dawo mini da su. Na rubuta “ɗalibi mai hazaƙa da ladabi”, ta ce, “Wane ne wannan? Na san mutum ɗari masu wannan suna.” Na rubuta “tauraruwa mai haske”, ta ce in je in gano ko tauraruwar tana da kujera a aji. A hankali na koyi yin shiru in ji. Na gano wanda yake raba abincinsa biyu kullum, na gano wadda take zana fuskokin malamai a bayan littafin lissafi, har da tawa, da kunnuwan da ban san ina da su ba.

Da na fara iyawa kuma sai na zaƙe. Akwai wani ɗalibi da aka taɓa kamawa ya ɗauki agogon malami a aji huɗu, aka yi masa hukunci a gaban kowa, magana ta wuce. Na rubuta masa: “Ya fi kowa sanin darajar lokaci.” Na karanta wa malamai, suka yi ta dariya, na kai wa Gwaggo ina jiran tata. Ta karanta sau biyu, ba ta yi ko murmushi ba. Ta ce in turo ƙofa.

“Ɗan Yaya, littafin nan a ƙasan akwati ake ajiye shi. Shekara ashirin nan gaba ɗansa zai ɗauko ya ce, Baba, me ake nufi da wannan? Kai kana ina lokacin?”

Na ce ai wasa ne, ita ma ta sa ni a kan tebur.

“Kai babba ne, kana da albashi, kana da bakin ramawa. Kuma ban sa sunanka ba. Shi me yake da shi?”

Ta soke layin. Ta tambaye ni ko na san wanda yake tura keken yaron nan mai shan inna daga ƙofa zuwa aji kowace safiya tun shekara biyu. Ban sani ba. Ashe shi ne, ta tagarta take ganinsu. Abin da muka rubuta ke nan. Ɗalibin ya zo ranar karɓar takardu shi kaɗai, ya buɗe littafin a tsaye a gefe, ya daɗe a shafin, sannan ya saka shi cikin riga ya tafi.

Shekarar da za ta ajiye aiki na ware mata shafi guda ba ta sani ba. Na zuba mata kirari: uwa ga marayu, ginshiƙin makaranta, fitila. Sai dai duk shafin da zai tafi maɗaba'a ta hannunta yake bi, ni kuma na manta da haka. Na tarar da shafin a kan teburina da jan biro ko'ina. Ta gyara shekarar da ta fara aiki, don na ƙara mata biyu. Ta soke kirarin duka. A ƙasa ta rubuta: “Ta buga takardu shekara talatin da ɗaya. Ta kan yi kuskure, amma tana gyarawa kafin a gani.” Hoton da na zaɓa ma ta cire, ta ce ɗankwalinta ya karkace. Haka aka buga.

Yanzu tana zaune wurin autarta, a ɗaki mai ƙofa ta waje, tana faɗa da jikoki a kan ramut ɗin talabijin. Duk shekara in An-Gama ya ba ni kwafin gwaji, sai in kai mata. Ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, da gilashin ƙara girman rubutu a hannu, ta bi layi-layi. Yaran yanzu ba ta san su ba, amma ta san iyayen da yawa, sai ta tsaya ta ce, “Wannan 'yar wane ce? Goshin ubanta ne.”

Bara waccan ta karanta tun daga bango har bango ba ta sami kuskure ko ɗaya ba. Na zauna ina jiran yabo. Ta rufe, ta miƙo mini, ta ce, “Ya yi.” Ta juya tana kallon titi, biron yana hannunta ba ta ko cire masa murfi ba. Na fito ina jin kamar na ƙwace mata wani abu.

Saboda haka bara na yi dabara. Kafin in kai mata, na sa An-Gama ya dasa kurakurai uku da gangan a kwafin nata: harafi ya juye a shafi na biyu, suna ya maimaitu, shekara ta canza. Na rubuta su a takarda na sa a aljihu don kada in manta. Ta karɓa, ta cire murfin biro, ta duƙufa. Ina jin ƙarar biron a kan takarda, tana tsaki tana cewa yaran zamani ba sa duba aiki. Fuskarta ta washe. Da ta gama ta miƙo mini, na ƙirga jan da ta yi. Takwas ne.

Ta ce, “Ukun nan na farko, ka gaya wa wanda ya sa su ya riƙa ɓoyewa da kyau. Sauran biyar ɗin kuwa naka ne na halal.”

Na tsaya cin abincin rana, don autarta ta riga ta zuba. Da la'asar na hau babur na nufi maɗaba'a da gyare-gyaren. An-Gama yana hango ni ya ɗaga hannu ya ce an gama, na ce masa a'a, ya tsayar da injin tukuna.